Sharhi: Kyaftin Amurka, Hajar Da Ta Ƙi Tsufa

Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya, Illela ko Maigatari ya san jakunkunan 'yan makaranta da rigunan yara masu ɗauke da garkuwa da farin tauraro a tsakiya. Muna sarowa muna sayarwa, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa wannan tambari ya haura shekara 80 yana kawo wa masu shi kuɗi.

Tambarin na Kyaftin Amurka ne, wani jarumin labaran zane da Joe Simon da Jack Kirby suka ƙirƙiro wa kamfanin Timely, wanda daga baya ya zama Marvel. Fitowar farko ta shiga kasuwa a watan Disamba na 1940 a kan santi 10, bangonta na nuna jarumin yana naushin Hitler, shekara guda kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. An sayar da kusan kwafi miliyan ɗaya. Da yaƙi ya ƙare sai kasuwa ta faɗi, aka dakatar da mujallar; an sake gwadawa a 1953 abin bai karɓu ba, sai a 1964 jarumin ya dawo da ƙafar dama.

Abin lura a nan shi ne, kamfanin bai yar da tsohuwar hajarsa ba. A 2014 ya tattara fitowar farko-farko a kundi guda mai kaurin bango, ya sayar wa jikokin waɗanda suka karanta su da farko. Su kuwa kwafin asali, da yake an yi su da takarda mai arha kuma akasarinsu sun salwanta, sun zama gwal: a 2022 an yi gwanjon kwafi ɗaya na fitowar farko a kan sama da dala miliyan 3.

To, wa ya ci ribar? Simon da Kirby sun bar kamfanin bayan fitowa 10 kacal, sakamakon saɓani kan kason riba. Simon ya yi shari'a kan mallakar jarumin har aka sasanta a 2003, iyalan Kirby kuma sai a 2014 suka daidaita da Marvel, shekara 20 bayan mutuwarsa. Shi kuwa kamfanin, Disney ya saye shi a 2009 a kan kimanin dala biliyan 4. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Darasin gare mu a fili yake. Yawancin harkarmu a bakin iyaka da baki ake ƙulla ta, bisa yarda. Amma duk wanda ya ƙirƙiro suna ko tambarin kaya, ko ya shiga haɗin gwiwa, ya kamata ya sa a rubuta kasonsa gaban shaidu tun ciniki yana ƙarami. Ranar da haja ta yi daraja, mai takarda ake saurara.