Ku Tuɓe wa Mafarauci Rigar da Ba Tasa Ba

Wannan makon za mu taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, wanda abin ya sosa ya yi haƙuri.

Mun daɗe muna karanta gajerun labaran da matasanmu ke rubutawa, kuma mun lura da wata cuta: da zarar mafarauci ya shigo labari, riga biyu kacal ake da ita da za a sa masa. Ta farko ita ce rigar layu, guru da kambu da ƙahonni da madubai tun daga wuya har gwiwa, yana tafe tana caccaka. Ta biyu ta 'yan zamani ce, waɗanda suka sha kallon fina-finan Amurka: riga mai dabbare-dabbare irin ta soja, da takalmi ƙafa-ciki mai tsada. Mu da muka tashi a ƙasar Tambuwal, muka ga masu fita dawa ta wajen Dogon Daji da Jabo har zuwa Kebbe, ba mu gane ko ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ba.

Mafaraucin da muka sani, in hunturu ya kama, jaket ɗin gwanjo ce a jikinsa. Ita ce dai wadda ya sa ya tafi sallar asuba, ita ya hau babur da ita, da ita ya kwana gadin gona lokacin da aka yanke dawa. Zif ɗinta ya mutu tun bara, an ɗaure da igiya ko an sa maɓalli. Aljihu guda ya ɓule. Wani lokaci a bayanta akwai sunan wata ƙungiyar ƙwallo ta Ingila ko wani kamfani na Jamus da mai rigar bai taɓa jin labarinsa ba, kuma bai damu ba. Wannan rigar ita ce ba mu taɓa gani cikin labaranku ba, alhali ta fi waɗancan biyun abin faɗa.

Don kada a ce rigar talauci ce kawai, ku tsaya ku ga yadda ake zaɓenta. Mai fita dawa ba ya ɗaukar jaket mai santsi irin ta leda, duk kyanta, saboda ko hannu ya ɗaga sai ta yi ƙara, kuma zomo da gada kunne ne jarinsu. Ga wuta: farautar rani ba ta rabuwa da ƙonannen daji, kuma yadin leda in tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne wa fata. Ba ya son suwaita mai gashi, don ƙarangiya za ta mayar da shi bushiya kafin hantsi. Abin da yake nema yadi ne mai kauri na auduga, irin na jins ko kaki, wanda zai ratsa sarƙaƙiya da farar ƙaya da magarya ya fito da fatarsa lafiya. Launi kuwa, wanda ya koɗe ya fi, mai kama da ƙasa ko busasshiyar ciyawa. Kuma dole ta zama mai sauƙin tuɓewa, domin sanyin asubar Janairu da zafin azahar ɗinsa ba su san juna ba. Kafin rana ta take, rigar ta koma ɗamara a ƙugu ko ƙunshin zabin da aka buge. Mun taɓa jin wani dattijo maharbi yana yi wa jikansa faɗa don ya wanke masa tasa da sabulu mai ƙamshi. Ya ce, "Kai yaro, mi na yi maka? Yanzu naman dawa na jin ƙamshina tun daga bakin gari!" Marubucin da ya san wannan ya riga ya sami rabin halin tauraronsa ba tare da ya ƙirƙiri komai ba.

Za a ce mana, ai rigar layu gaskiya ce. Gaskiya ce mana. Mun gan ta ranar Sallah, mun gan ta wajen wasan tauri da naɗin Sarkin Dawa, mun gan ta in an tara maharba tarbar wani babba. A can ake kiɗa, ake kirari, irin duniyar da Kassu Zurmi ya yi suna wajen waƙe ta. Kuma ba mu ce mai shiga daji ba ya ɗaura laya ba. Da yawa suna ɗaurawa, a damtse ko a ƙugu, ƙarƙashin riga, inda ba mai gani. Amma mutum ya ɗauki wannan nauyi duka, da ƙararrawa da madubi mai walƙiya, ya ce zai laɓaɓa wa barewa? Wannan barewar sai dai in kurma ce kuma makauniya. Kun ɗauki rigar biki kun kai ta wurin aiki, kamar a rubuta manomi yana huɗa da babbar riga 'yar Dikwa.

Masu rigar soja kuwa laifinsu ya fi girma, don su ba su ma fahimci abin da suke kwaikwayo ba. A Amurka akwai wata dabba dangin barewa da suke kira elk, namijinta kan kai kilo 300, ana farautarta cikin duwatsu masu ƙanƙara. Kamfanoni irin su Sitka da Kuiu suna sayar da rigunan farauta na ɗaruruwan daloli, kuma su kansu maharban can suna ta gardama a kan ko kuɗin ya cancanta, ko rigar sanyi ta yau da kullum ta wadatar. Ga abin dariyar: a jihar Kolorado doka ta tilasta wa mai farautar wannan dabba da bindiga ya sa tufa mai launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, aƙalla inci murabba'i 500, har da hula, don kada ɗan uwansa ya harbe shi. Kuma suna samun nama, domin idon dabbar bai cika rarrabe wannan launi ba, hanci da kunne da motsi take bi. Wato abin da dattijonmu na ƙauye ya sani, shi ɗin ne dai.

A nan gida kuwa rigar dabbare-dabbare ba ado ba ce. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kakin soja, kuma kowa ya san su wa ke yawo da irinta a dazukan da ke tsakanin Sakkwato da Kebbi da Zamfara a 'yan shekarun nan. Mutumin da ya ɓullo daga dajin Kebbe yau cikin wannan riga, da bindiga a kafaɗa, mata za su watsar da itacensu su sheƙa gari, kuma in ya tsira daga 'yan sa-kai ba lalle ya tsira a shingen sojoji ba. Babu mafarauci mai hankali da zai sa ta. In taurarinku sun sa, to ku gaya mana dalili, don dalilin shi ne labarin.

Wani zai ce duk wannan hayaniya a kan riga? Ku tuna Uromi. A ƙarshen watan Maris na 2025, mafarauta 16 'yan Arewa, mafi yawansu daga jihar Kano, suna hanyar dawowa gida hutun Sallah daga Fatakwal, aka tare motarsu a jihar Edo, aka ga bindigogin toka, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe su. Waɗanda suka yi wannan ta'asa ba su ga magidanta masu neman abin kai wa iyali ba, dodo suka gani. Ba mu ce labaran Hausa ne suka jawo haka ba. Muna cewa ne in mu da muke cin tuwo da mafarauci a akushi ɗaya ba mu iya rubuta shi a matsayin mutum ba, sai boka ko ɗan ta'adda, wa muke jira ya rubuta shi?

Kuma ba wani dogon bincike ake nema ba. Ranar kasuwa ku tsaya wajen 'yan gwanjo lokacin da aka kwance dila, ku ga wanda ke murza yadi kusa da kunnensa kafin ya taya. Ku bi shi da sallama, ku ce, "Baba, a gafarce mu, me ake sa wa cikin aljihun nan in za a fita?" Mu da muka tambaya, an zazzage mana ashana, da 'yar wuƙa, da guntun ƙuli-ƙuli na mai rigar da na karensa, da ƙullin magani a leda, da tsohuwar tocila da aka naɗe da roba.