Hajiya, kin biya yarinyar shagonki kuɗin wannan watan?

  Ku yi haƙuri saƙon zai ɗan yi tsawo, kuma na san akwai waɗanda zai sosa wa rai. To a yafe ni, azumi ne a bakina, ba zan rufe gaskiya ba.

A tsakiyar Mayun 2020 Kano ta cika wata guda a kulle. Daga daren 16 ga Afrilun 2020 gwamnatin jiha ta sa kowa ya zauna a gida na kwana bakwai, kwana biyar bayan an samu mutum na farko mai korona a jihar. Ranar 27 ga Afrilu shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ƙara mana sati biyu, aka ci gaba da zaman kulle. A lokacin Kantin Kwari a rufe yake, kasuwar Sabon Gari ma a rufe take, a watan da ɗan kasuwa yake cinikin da zai riƙe shi rabin shekara. A lokacin kullum a rediyo ana jajanta wa 'yan kasuwa, kuma sun cancanci jaje. Amma ban ji ko sau ɗaya an ambaci yarinyar da take tsaye bayan kanta ba, ko yaron da yake sauke dilar atamfa, ko kashiyar da take ƙirga kuɗin da ya bi ta hannun mutum ɗari. Su fa ba su da haja a sito da za ta jira a buɗe gari. Jarinsu ƙafafunsu ne da bakinsu, ranar da ba su fita ba babu.

Bari in ba ku labarin gidanmu don kada a ce shaci-faɗi nake. 'Yar yayata tana aiki a wani babban kanti a Sabon Gari, ba zan faɗi sunansa ba. Marainiya ce, ita take ciyar da uwarta da ƙannenta uku da naira dubu 12 a wata. Da aka sassauta doka aka ce Litinin da Alhamis a fita daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, manyan kantuna suna cikin waɗanda aka yarje wa su buɗe. Sai maigidanta ya ce tunda kwana biyu ake aiki a sati, kuɗin kwana biyu zai biya. Amma ku je ku ga waɗannan kwana biyun! Jama'ar da a da take zuwa a kwana bakwai ita ce take durarowa cikin awa shida, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana numfashi a fuskarta. Cinikin sati ake yi, ladan kwana biyu ake ba ta. Takunkumin fuska da kuɗinta ta saya wajen tela. Robar wanke hannu tana bakin ƙofa saboda masu sayayya da jami'an da ke zagaye, ita kuwa daga buɗewa har rufewa ba ta samun sararin barin teburin kuɗi. Da ta kwana biyu tana tari, ɓoyewa ta yi, tana shan citta da lemon tsami bayan shan ruwa, domin ta san in ta faɗa za a ce ta huta, kuma wannan hutun ba a dawowa daga shi. Alhamdu lillahi mura ce. Amma da ba mura ba ce fa? Mutum nawa ta miƙa wa canji?

Wannan shi ne abin da nake so mu gane. Wanda ya hana ma'aikacinsa kuɗin jinya, shi ya tura shi bakin kanta da ciwo, kuma cutar ba ta tsayawa a kan yarinyar. Za ta bi ledar kayan har falonki, Hajiya.

Kada wata ta ce mini wai babu korona. Mu da muke Fagge mun ga yadda aka yi ta wucewa da makara a ƙarshen Afrilu, dattawa da malaman jami'a da manyan gari suna ta tafiya. A daidai lokacin ne ma aka dakatar da gwaji a Asibitin Malam Aminu Kano na wasu kwanaki. Ko me mutum zai kira abin, mun dai yi ta'aziyyar da ba mu saba yi ba. Don Allah masu turo mana muryoyin "ƙarya ce, kuɗi ake nema" a wannan zaure su daina. Mai faɗar haka tana kwance a ɗakinta da fanka, ba ita ke karɓar kuɗi daga hannun kowa ba.

Yanzu in zo kan mu. A cikin zauren nan akwai masu shago a Kwari, akwai masu shagon kayan kwalliya da na kayan kicin a Sabon Gari, akwai matan manyan diloli. Na san hujjar, an sha faɗa mini: "Ni ma ban yi ciniki ba, ga kuɗin haya, ga bashin kaya, daga ina zan biya?" Gaskiya ne, wasu ƙanana ne, su da yaransu duk jirgi ɗaya ya kwaso su, waɗannan ba da su nake ba. Da ke nake, ke da kike ɗora hoton leshi da shadda a status kullum, kina cinikin kayan Sallah ta waya, kina tura yaron shago ya lallaɓa ta lungu ya kai wa masu saye. In jami'an tsaro suka kama shi, shi za a gurfanar gaban kotun tafi-da-gidanka, shi zai sha tsallen kwaɗo a rana da azumi. Riba taki, kasada tasa, sannan a ƙarshen wata ki ce ai kasuwa a rufe take. Haba Hajiya! Shekara nawa yarinyar nan tana buɗe miki shago tun kafin ki tashi daga barci? Wata ɗaya tak ya isa a manta?

Hukuma ma ba ta fita ba. A Afrilun 2019 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 30, muka yi ta murna. Amma dokar ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire masu aikin kamasho. Ku faɗa mini shago nawa ne a Kwari yake da ma'aikata 25? Ke nan kusan duk yaran kasuwa doka ba ta san da zamansu ba. Babu takardar ɗaukar aiki, babu suna a wani rajista, da baki aka ɗauke su, da baki ake korarsu. Shi ya sa da aka zo rabon tallafi babu layin da za su shiga. Ba a lissafa su cikin ma'aikata, ba a lissafa su cikin 'yan kasuwa, sannan mai rubuta sunaye a unguwa ya dube su ya ce ai ke kina da aiki. Wanda ya ba kantuna izinin buɗewa Litinin da Alhamis, me ya hana shi sharɗanta cewa mai kanti ne zai ba ma'aikaci takunkumi da sabulu, ya taƙaita yawan masu shiga, kuma ba zai kori wanda ya kwanta ciwo ba? Layi uku ne a takarda.

Mu mata mu ne muke cika layin zaɓe tun asuba, kuma da yawan waɗannan 'yan matan mu muka bi su gida-gida muka ce su yanki kati. Lokacin muna da lambar kowacce. Yanzu ma lambobin suna nan a wayoyinmu.

Ga abin da nake roƙo kafin Sallah. Duk mai shago a cikinmu da Allah ya hore wa, ta biya yaranta cikakken kuɗin Afrilu da Mayu. Wadda ba ta da hali ta ba da rabi, ta kira su da bakinta ta ce aikinsu yana nan, kada ta bar su cikin zullumi. Kuma kada a lissafa musu shi a zakka, haƙƙinsu daban, zakka daban. Shugabannin mata na mazaɓu, musamman Fagge da Sabon Gari ta gabas da ta yamma, kowacce ta rubuto sunayen yaran shago da aka sallama ko aka hana albashi a yankinta, mata da maza, Musulmi da Kirista, ba tare da tambayar wa suka zaɓa ba. Za mu haɗa mu kai wa shugabannin kasuwa da kansiloli da 'yan majalisarmu, mu tsaya a kai sai an sa su a rabon tallafi. In kuma kin fita sayayya ranar Litinin, sa takunkuminki, ja baya kaɗan daga kanta, ki daina yi wa yarinya tsawa don layi ya yi tsawo.

A turo sunayen ta hannun sakatariya zuwa daren Alhamis. A tura wannan saƙon zuwa sauran zaurukan mazaɓu. Allah ya yaye mana wannan annoba, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalam.