Amanar Takarda a Hannun Ƴaƴanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk watan Oktoba idan an koma lakwal, uba yakan sayar da gero ko akuya don ya sayi kaye da bik. Kafin shekara ta raba, sai ka tarar da rabin takardun nan a kan juji, ko an ƙunshe ƙosai da su, alhali wasu na ɗauke da bisimilla da ayoyin Alƙur'ani. Wannan laifi biyu ne: almubazzaranci, wanda aya ta 26 da ta 27 ta Suratul Isra'i suka yi hani da shi mai tsanani, da kuma wulaƙanta sunan Allah.

Ku dubi makarantar allo da ta raine mu. Allo guda yakan kai almajiri har sauka, yana wankewa yana sake rubutawa. Alƙalaminsa na kara ne, tawadarsa gawayi da ƙaro, gafakarsa ta fata tana shekaru. Babu abin da ke zuwa bola. Wannan tarbiyya ya kamata mu shigar da ita lakwal.

Kada a sayi sabon kaye sai tsohon ya cika. Shafukan da suka rage a ɗinke su wuri guda. Lissafi da gwajin hannu a yi su kan ƙaramin allo da alli. Littafin wa a adana shi don ƙane. Uwaye su ɗinka jaka da ragowar atamfa a maimakon leda. Tun 2014 dokar ƙasarmu ta hana ledar nan maras kauri, amma ga ta nan tana kashe mana jajayen awaki, tana hana ruwa shiga ƙasar gona.

Takardar da ke da sunan Allah kuwa, kowane aji ya ware mata kwali. Malamai sun halatta a binne ta a wuri mai tsarki ko a ƙone ta, bisa abin da Sayyidina Usman ya yi da sauran mus'hafai bayan ya tara al'umma a kan guda. Sai dai ƙonawar aikin manya ce, nesa da azuzuwan zana. Ba mu manta da gobarar Nuwamba 2021 a garin Maraɗi ba, wadda yara fiye da 20 suka rasu a cikinta. Allah Ya jiƙansu.

Ku manoman Sarkin Yamma da kuka raya itatuwan gonakinku da sassaben zamani, ku sani takarda ma daga itace take. Yau da dare kowane uba ya buɗe jakar ɗansa ya duba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu daga ɓarna. Wassalamu alaikum.