Farin kashin balbela

Kowa ya san farin da balbela da shamuwa ke zubarwa ƙarƙashin itacen da suka kwana. Jama'a na ce masa kashi, alhali fitsari ne. Tsuntsu ba ya fitsarin ruwa irin namu; ƙodarsa tana tace dattin jini ta fitar da shi da kauri, kamar farar ƙasa. Sinadarin, asid urik, shi ne dai wanda ke taruwa a babban yatsan ƙafar mutum har ya hana shi sa takalmi, ciwon da likitoci ke kira « goutte ». Manyan ma'aikata masu son balangu sun san zancen.

Ga tsuntsu lamarin ya fi muni. Idan ƙodar ta gaza, farin nan sai ya tsaya cikin jiki. Wani lokaci yakan taru a gaɓoɓi: ƙafa ta kumbura, zalɓen da sana'arsa ita ce tsayuwa cikin ruwa ya kasa farauta, yunwa ta ƙarasa shi. Wani lokaci kuma yakan lulluɓe zuciya da hanta kamar an barbaɗa alli, tsuntsun ya mutu cikin ƴan kwanaki. Doguwar ƙishirwa na jawo haka, hakanan cutar ƙoda da guba. Duk wanda ya ga yadda tafkunanmu, daga Madarunfa zuwa Tabalak, ke janyewa da bazara, ya san ƙishirwa ba baƙuwa ba ce ga tsuntsayen bakin ruwa.

Amma gubar ce ta fi damuna, domin daga hannunmu take fitowa. A Indiya, daga shekarun 1990, ungulaye sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 aka gano dalili: diklofenak da ake yi wa shanu allura da shi. Ungulu ta ci mushe, ƙodarta ta lalace, a buɗe cikinta a tarar da farin nan ko'ina. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka haramta ba dabbobi maganin.

Diklofenak ɗin nan kuwa yana kan tiren masu tallar magani a kasuwanninmu, kusa da maganin ƙwari wanda ruwan sama ke wankewa daga gonaki zuwa tafki. Akwai meloksikam, da ke kashe ciwo ga dabba ba tare da ya kashe ungulu ba. Ƴan kasuwar da ke shigo da maganin dabbobi suna iya neman sa, ma'aikatar kiwo kuma tana da ikon tilasta shi.