An Ba Su Nama, An Riƙe Wuƙa

Malam, ka rubuta cewa ƙananan hukumomin Ingila sun gaza wajen tsara karatun 'yan shekara 16 zuwa 19, don haka a karɓe ragamar daga hannunsu. Wace ragama? A Afrilun 2010 aka damƙa musu aikin. Shekarar ba ta ƙare ba sabuwar gwamnati ta maida biyan kwalejoji hannun hukumar tsakiya. Wajibcin kuwa aka bar musu: su samar wa kowane matashi gurbi, su bi sawun wanda ya watsar da karatu, alhali tun 2015 doka ta ce sai ya ci gaba da koyo har ya cika 18. Wanda asusu ba ya hannunsa, da me zai buɗe aji a garin da babu? Kai ƙararka ma'aikatar ilimi a Landan.