Dokar kare yara na nan, amma wa zai kai ƙara?

Jama'a, a 2020 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar kare yara ta Jihar Katsina. A 2023 kuma Gwamna Dikko Raɗɗa ya sa hannu a dokar hana cin zarafi. Madalla. To amma yaron da ake gallaza wa a cikin gida, ina ya san hanyar kotu?

Ku tuna yaron nan da aka ceto a Birnin Kebbi a watan Agustan 2020, wanda ya yi wajen shekara biyu a ɗaure cikin dabbobi. Shekara biyu fa, kuma a cikin unguwa!

Mu dawo gida. A ƙauyukan Funtua da Malumfashi katanga ɗaya ce ta raba gida da gida, kowa ya san kukan ɗan kowa. Amma in maraya ne ko ɗan riƙo, sai a ce ai tarbiyya ce.

Ni a ganina, duk tarbiyyar da ta bar tabo ko ƙuna zalunci ce. In ka gani, ka sami mai unguwa ko liman. In sun ja ƙafa, ka wuce wajen 'yan sanda. Doka ba ta jin kuka ta bayan katanga. Kai ne kake ji.