WA YA BA SU IZININ TONON KABURBURAN KATSINA?

A shekarar 1907 Baturen mulkin mallaka Palmer ya sa aka haƙa kaburburan Durɓi ta Kusheyi, gabas da birnin Katsina, inda ake cewa sarakunan Katsina na farko suke kwance. A 1992 Jamusawa suka sake haƙa wasu. Daga baya aka kwashi abin da aka tono zuwa birnin Mainz na Jamus, aka baje shi a 2011 don 'yan kallo. Jami'an gwamnati sun sa hannu, amma wa ya tambayi talakawan da ke kiran waɗannan mamata kakanninsu?

Yanzu kuma abin ya wuce zinare da tagulla. Masu binciken ƙwayoyin halitta ƙashin mamacin kansa suke nema. Sukan huda ƙashin da ke bayan kunne ko haƙori, su niƙa shi gari, su karanta asalin mutum. Da irin wannan bincike aka karanta asalin yara huɗu da aka tono a Shum Laka ta ƙasar Kamaru, aka buga sakamakon a 2020. Mamaci dai ba ya iya cewa ee ko a'a, kuma abin da aka karanta a ƙashinsa sirrin jikokinsa ne da ke raye.

Musulunci bai bar wannan a duhu ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. To ina ga niƙa shi?

Masu cewa ai ilimi ne, su tuna da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yaran Kano a tsakiyar annobar sanƙarau. Shi ma da sunan ilimi aka zo. A Amurka kuwa tun 1990 aka yi dokar mayar wa 'yan asalin ƙasar ƙasusuwan kakanninsu. Ashe gawar Bahaushe ce kawai ba ta da mai ita?

Don haka wajibi ne a kan malamai da masu unguwanni daga Tafoki zuwa Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa su tsare tsofaffin maƙabartu da kufai. Duk wanda ya zo da takardar Abuja, a tara jama'a ya faɗi abin da zai ɗauka, inda zai kai shi, da ranar da zai mayar da shi kabari. In jama'a suka ce a'a, ya koma inda ya fito.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kare mutuncinsu.